Busan da Ranar Baban Du-sik

Litinin, 2 ga Oktoba

Yara sun koma Gumi, gida ya yi tsit. Kafin su tafi ɗana Du-sik ya zauna yana ta sosa ƙeya, mutum ya haura arba'in amma magana sai matarsa ta taya shi. Matar tasa Hye-ran ce ta faɗa. Wai tun da na cika saba'in za su kai ni Busan in ga gari, ranar Juma'a uku ga Nuwamba, mu kwana biyu. Na ce kabejina fa? Gwiwata fa? Ta ce, "Ai saboda gwiwar ne, Mama. Mu je kafin likita ya yi aikin, don bayan aiki sai sanyi ya wuce za ki taka da kyau."

Na ce zan yi tunani. Tunanin me! Motarsu na shan kwana na sauko da jakar tafiya na kakkaɓe ta.

Laraba, 4 ga Oktoba

Na gaya wa maƙwabciyata Mal-sun muna shanya barkono. Sau ɗaya ta je Busan biki, amma ka ji ta sai ka ce can aka yanke mata cibiya. "Ke da ba ki taɓa wuce Andong ba, ki riƙe rigar surukarki da kyau, in kin ɓata ba mai cigiyar tsohuwa." Wai matan kasuwar kifi in suna yi maka sannu sai ka ɗauka faɗa suke nema.

Hye-ran ta turo min hotuna a waya. Kai! Gada a kan teku, doguwa, ta sha fitilu. Gidaje sun hau dutse, wannan a kan wancan, shuɗi da ja da ruwan ƙwai, kuma an jera su yadda ba wanda ya tare wa ɗan'uwansa rana. Waɗanda yaƙi ya koro ne suka fara gina su da hannunsu. Na daɗe ina kallo har miya ta kama.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na taka har bakin gadar ƙauye na dawo, don gwiwar ta san abin da ke gabanta.

Litinin, 9 ga Oktoba

Du-sik ya ce a mota za mu. Na ce ba ka isa ba, jirgin ƙasa nake so, shekara nawa ina ɗaga masa hannu daga nesa. Hye-ran ta ce ta ji, daga Andong za mu hau.

Yarinyar nan ta iya shiri, abin da yake gaskiya a faɗe shi. Duk inda ke da matakala da yawa ta nemo wata hanya. Akwai wani akwatin gilashi da ke tafiya a jikin waya ta saman teku, har ƙasansa gilashi ne, kana ganin ruwa a ƙarƙashin ƙafarka. Na ce ni ba zan shiga ba. Zan shiga. Du-sik ya ce a asibitin da take aikin jinya sai da ta yi wa wasu aikin ranakun hutunsu kafin a ba ta waɗannan kwanaki. Ita ko a fuska ba ta nuna min ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Hye-ran ta kira da rana. "Mama, me zan taho da shi ranar Lahadi don jesa ta Baba?" Jesa, wato abincin da muke jera wa mamaci duk shekara a ranar da ya rasu. Na ce wace jesa? Watan takwas ma bai ƙare ba. Ta ce ai bara sha biyar ga Oktoba aka yi, ta sa a wayarta don kada ta manta.

Na je jikin bango na ɗaga takardar kalanda, na bi ƙananan lambobin nan na ƙasa da yatsa. Baban Du-sik ya rasu ashirin ga watan tara na lissafin wata, kuma bana shekara ce mai ƙarin wata, komai ya matsa gaba. Ashirin ga watan tara ya faɗo Juma'a, uku ga Nuwamba.

Na ce, "Ranar mamaci da wata ake lissafa ta, ba da waya ba. Shekara uku a gidan nan, ba ki san ranar surukinki ba?" Ta ce in yi haƙuri, a gidansu coci suke zuwa, ba ta tashi ta ga ana yi ba. Na kashe wayar.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Du-sik ya kira. Ba a iya ɗaga tafiyar, hutun Hye-ran ba zai sake samuwa kafin aikin gwiwa ba. Wai mutane yanzu masu ibada a haikali suke ba wa su yi musu jesa. Haikali! Mutumin da ko tuwon shinkafar maƙwabta ba ya ci yana raye. Sau ɗaya tak a shekara yake zuwa, in buɗe masa ƙofa, in jera masa shinkafa da miya da kifi, mu durƙusa mu gaishe shi, ya ci ya koma. Sai ya zo bana ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ni ina can ina leƙen teku ta gilashi? Na ce su je su biyu, su turo min hoto.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na mayar da jakar kan kabad. Mal-sun ta ce, "Shi fa ya riga ya tafi, ke kuma gwiwarki ba jiranki take ba." Na ce ta kula da barkononta.

Ina son zuwa. Wayyo, ina son zuwa. A nan kaɗai zan faɗa.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ba hoto ko ɗaya daga Hye-ran tun ranar. Na ɗauki wayar, na ajiye.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ina tsugune cikin kabeji sai ga Hye-ran ta sauko daga bas ita kaɗai, da kwalbar giyar shinkafa da busasshen kifi a leda. Ashe ta kira Mal-sun, uwar tsegumi, ita kuma ta kai maganar wajen tsofaffin da ke zama a zauren ƙauye. Suka ce mata in iyali sun yi ƙaura, ana hawa kabari a zuba giya a gaya wa mai shi sabon wurin, sai ya bi su can ya ci. Na san da haka mana. Amma wannan na masu ƙaura ne, ba na masu yawon ganin gari ba. Ta ce, "Mama, mu tambaye shi dai."

Muka hau tudun da kabarinsa yake a hankali, hannunta a hamatata. Ta shimfiɗa tabarma, ta zuba giya, ta durƙusa sau biyu har goshi a ƙasa. Tsaf, sai ka ce a ciki ta girma, na san kwana ta yi tana koya. Sannan ta yi gyaran murya.

"Baba, Hye-ran ce, surukarka, ba ka san ni ba kana raye. Ni na yi kuskuren rana, ba Mama ba, in da fushi ni za ka yi wa. Bana a Busan za ka ci abinci. Jirgin safe za mu hau daga Andong. In mun sauka akwai wani jirgin a ƙarƙashin ƙasa, kada ka tsaya kalle-kalle, ƙofarsa ba ta jiran kowa. Masaukin yana bakin ruwa a Gwangalli, hawa na tara, za mu bar maka ƙofa a buɗe."

Dariya ta ƙwace min, daga nan ban san inda ta juya ba, sai na ji ina share fuska da hannun riga. Na ce, "Gaya masa kada ya sa takalmin gona." Ta gaya masa.

Da muna saukowa na tuna, mutumin nan duk rayuwarsa kifin gishiri ya ci, wanda ya kwana a hanya kafin ya iso duwatsunmu. Bayan ya tafi ma shi nake ajiye masa. Bai taɓa ɗanɗana kifin da aka fito da shi daga teku da safe ba.

Talata, 24 ga Oktoba

Mun yi waya da Hye-ran har kunnena ya yi zafi. Na koya mata: abincin jesa ba barkono, ba tafarnuwa. Ta samo masauki mai ɗan murhu a ɗaki. Kifi a babbar kasuwar Jagalchi za mu saya, ni zan zaɓa, in ga ko matan can sun fi ni baki. Shinkafa kuwa ta gonarsa zan ɗauka, da kwanukan tagulla, na goge su har ina ganin fuskata.

Du-sik ya ce jakar za ta yi nauyi. Na ce me aka haife ka ka yi?

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Sun iso. Mal-sun ta ara min hularta ta rana, wai kada in kunyata ƙauye.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

A jirgi nake rubutu. Da safe na kulle ƙofa, na ɗan tsaya, sannan na juyo.

Ashe kujera huɗu Hye-ran ta kama, biyu na kallon biyu. Ta zaunar da ni bakin taga, ta bar ta gabana ba kowa. Na ce haba, wannan wace irin ɓarna ce, Baban Du-sik da ba ya buƙatar wurin zama? Ta ce tafiyar da nisa, Mama. Du-sik ya juya yana kallon waje.

Jirgin ba ya girgiza ko kaɗan. Duwatsu na wucewa, gonakin da aka girbe, wani kogi mai faɗi da ban san sunansa ba.

A Gyeongju mutane suka cika. Wani mutum da jaka a kafaɗa ya nuna kujerar, ya ce, "Kaka, ba kowa a nan?" Hye-ran ta buɗe baki za ta yi bayani, na riga ta.

Na ce, "Da mai ita."

Ya duƙa ya ba da haƙuri ya wuce. Ni kuma na janye ƙafata, don na lura na miƙe ta da yawa.