Wani Ne Yanzu Yake Tsayawa A Bayan Ɗana

Assalamu alaikum, Malam mai kula da wannan fili.

Ina roƙon ka taimake ni da shawara a kan al'amarin da na kasa furta wa kowa da baki. Na daɗe ina karanta amsoshin da kake ba jama'a, ban taɓa zaton ni ma zan shiga layi ba, domin mu an tarbiyyantar da mu a kan cewa dattijo ba ya kai kukan gidansa waje. To amma abin ya fi ƙarfin kawaicina. Ka yi haƙuri in bayanin ya yi tsawo, tsufa ne.

Ni mai gyaran rediyo ne, ko in ce na kasance, tunda yanzu ba mai kawo rediyo gyara. Na rufe shago, na kwaso teburina da kayan aikina na ajiye a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. 'Ya'yana duk sun kama gidajensu, sai autana, wanda yake aiki a wani kamfanin awon filaye, shi ne yake tare da ni. Tun rasuwar mahaifiyarsa, Allah ya jiƙan ta, gidan ya yi mana faɗi. Ita ce mai kai magana tsakanina da shi. In yana son abu ita yake gaya wa, in raina ya ɓaci ita take sanar da shi. Da ta tafi sai muka koma kamar baƙi biyu a masauki, gaisuwar safe, gaisuwar yamma, shi ke nan.

Abin da ya buɗe mana baki kuwa wasa ne. Auta ya shiga cikin matasan da suke tseren ƙananan jirage marasa matuƙi. Bari in yi bayani saboda masu karatu irina. Jirgin bai wuce faɗin faranti ba, farfela huɗu gare shi da 'yar kyamara a goshi. Mai tuƙin yana zaune a kujera, ya rufe idanunsa da wani tabarau mai kauri, duk abin da kyamarar ta gani shi yake gani, kamar yana cikin jirgin. Da rimot a hannu yake kurɗa shi ta ƙofofin da aka kakkafa a fili, da gudun da ido yake shan wahalar bi. Da farko na ɗauki abin shiririta. Har na ce masa ban taɓa ganin mai gemu yana kiwon zuman roba ba, saboda irin ƙugin da suke yi.

Wata rana na same shi a teburina da jirgin a wargaje, yana fama da ƙarfen narka dalma, ya tara dalma a kan waya kamar kashin tsuntsu. Na ce masa ya tashi kafin ya ƙona mini tebur. Na zauna na haɗa wayoyin yadda ya kamata, yana tsaye yana riƙe mini fitila. Ranar muka yi hirar da ba mu yi irinta ba tun yana makaranta. Daga nan duk jirgin da ya faɗi hannuna yake dawowa.

Ga inda maganar take. Dokar wasan ta ce kowane matuƙi sai da mutum a bayansa, wanda suke kira mai duba. Matuƙi gabansa kaɗai yake gani, don haka mai duba ne yake bin jirgin da idonsa, yana gaya masa wa ke tafe a baya, wa ya faɗi, ko wani ya ratsa filin. Kowane jirgi da launin fitilarsa, da shi ake bambance su. Auta ya ce in zama mai duba masa. Ni kuwa in na tsaya nakan dafa kafaɗarsa ta dama. Malam, rabon da in dafa kafaɗar yaron nan tun kafin ya fara aske. A tafin hannuna nake jin yadda take ƙamewa in ya tunkari ƙofa mai wuya, da yadda take saki in ya wuce. Abokansa suka laƙaba mini Baba Hasumiya, wai ni ne hasumiyar filin jirginsu. In na iso sai su tashi suna sara mini, ni ma in ce musu su gyara liƙe-liƙen wayoyinsu kafin su sara wa kowa. Ban ɓoye maka ba, na ji daɗin shekarun nan fiye da yadda ya dace da mai furfura.

Sai idona ya fara hazo. Aikin kusa ina yi da gilashin ƙara girma, amma nesa ta fara dushewa. Ban je asibiti ba, ina tsoron abin da za a ce. A wani tsere da aka yi cikin babban ɗakin wasanni, fitilar Auta kore ce, ta abokin karawarsa shuɗiya. A wata kwana idona ya musanya su. Na ce masa ba kowa a bayansa, ya sassauta ya shiga ƙofar da kyau. Ya yarda da ni ya sassauta, na bayan ya haye shi, jiragen biyu suka tarwatse a ƙasa. Ya cire tabarau ya ce, "Ba komai, Baba." A hanyar gida ya kunna rediyon mota har muka iso.

Da tsere na gaba ya zo na shirya kamar kullum, na ɗauki jakar kayan aiki muka tafi tare. Aka kira rukuninsu, na miƙe, sai na hangi wani abokinsa da suke kira Dogo ya riga ya tsaya a bayan kujerarsa. Auta kuwa ya rufe fuskarsa da tabarau tun kafin lokaci ya yi. Wani yaron kirki daga cikinsu ya jawo mini kujera ya ce in zauna a inuwa. Na zauna. Auta ya zo na biyu, na tafa kamar kowa. Da a gida ya gaya mini, wallahi da na haɗiye. Amma a gaban yaran da suke sara mini na gane an sallame ni.

Tun ranar ban sake zuwa ba, na ce bayana ke ciwo. Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Wata safiya na tarar da jirgi a teburina, waya ɗaya ta saki. Na gyara da murna, ya ɗauka ya je tsere da shi. Aka sake, na sake gyarawa, ya sake tafiya da shi. A na uku na ɗora gilashi na duba da kyau. Wayar da faɗuwa ta tsinka takan bar zare-zare a bakinta, ka ga ƙura a jikin jirgin, ka ga farfela ta gutsure. Wannan kuwa bakinta fes, dalmar sumul, farfela ko ƙwarzane babu. Da ƙarfe mai zafi aka ɗaga ta. Na duba ƙarfena, an naɗe igiyarsa ta hagu, ni kuwa ta dama nake naɗewa tun ina koyon aiki. Ashe ɗana ne yake kwance wayar da hannunsa don ya sama mini abin yi, yadda ake ba ƙaramin yaro tsintsiya don kada ya dami mutane. Ni da na ciyar da iyali da wannan ƙarfen, yau da shi ake lallashina.

Jirgin nan na uku yana nan a kan tebur, ban taɓa shi ba. Kullum in zai fita sai ya leƙa ɗakin, ya dubi teburin, ya gaishe ni ya wuce. Ƙarshen watan nan za su yi babban tsere, wanda daga shi ake zaɓen masu zuwa gasar waje. Shekaranjiya yana ɗaura takalmi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Akwai wuri a mota." Babbar 'yata ta lura na rame, tana ta matsa mini in koma gidanta in huta, kuma zuciyata ta fara karkata. Malam, in tattara in tafi in bar masa gidan ya sarara? Ko in gaya masa na gane, ya daina yi mini sadaka? Na rasa uwarsa na jure. Wannan karon wanda na rasa yana raye, ɗakinsa na kallon nawa.

Naka,
Tsohon mai gyaran rediyo

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana dattijo.

Na karanta wasiƙarka, na ajiye, na sake ɗauka. Zan fara da haƙƙinka. Ɗanka ya yi kuskure da bai gaya maka a gida ba. Wanda ya tsaya maka a baya shekara da shekaru bai cancanci ya ji labarin canjinsa a bainar jama'a ba, balle uba. Ɓacin ranka a kan hanya yake, kada ka ji kunyarsa.

Amma ka dubi nasa ɓangaren. Tsayuwar nan ba kujerar girmamawa ba ce, aiki ne. Yaron yana zaune ido a rufe, yana tuƙa abu mai farfela da ke iya yanka mutum, ya jingina da maganar wanda ke bayansa. Da kai ne a shagonka, da ba ka bar mai rawar hannu ya taɓa rediyon mutane ba, ko da ɗanka ne. Shawarar da ya yanke daidai ce, hanyar da ya bi ce ba daidai ba. Kuma ka tambayi kanka, wa zai aika maka? Mai kai maganar ta rasu, kai kuma ba ka taɓa koya masa yadda ake tunkarar ka da magana mai nauyi ba. Tabarau ɗin da ya sa tun kafin lokaci, ni ban ga raini a ciki ba. Na ga ɗan da ya kasa kallon fuskar ubansa.

Yanzu ga batun waya. Ka karanta ta da idon gwani, ka gano yadda aka kwance ta, amma ka kuskure dalilin. Kai da kanka ka rubuta cewa da jiragen da ka gyara yake zuwa tsere. Mai tausayi kawai zai karɓa ya yi godiya ya ajiye a kabad. Ba wanda zai shiga gasa da liƙe-liƙen mutumin da bai amince da hannunsa ba. Ku biyun nan ba ku da wani harshe sai wanda kuka koya a bakin teburin can, da shi yake yi maka sallama. Ya yi sau uku, na ukun ka ƙi amsawa, sai ya cije ya yi da baki yana ɗaura takalmi. Ga ɗan da ya gaji kawaicinka, wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne.

Ga shawarata. Ka je wurin likitan ido a makon nan, kuma Auta za ka ce ya kai ka, ba yayarsa ba. Ni ba likita ba ne, amma na san irin wannan hazon sau da yawa yana da magani, jinkiri ne yake ɓata shi. In ma babu magani, gara ka sani da ka zauna cikin zullumi. Ko ido ya washe, kada ka nemi a mayar da kai wurinka. Ka bar wa Dogo har sai shi Auta ya nema da bakinsa, in bai nema ba kada ka riƙe shi a zuciya.

Jirgin da ke kan tebur kuma ka gyara shi, amma ba a bayan idonsa ba. Ka kira shi ya riƙe maka fitila kamar ranar farko. Ka gaya masa ka gane, cikin raha, ka ce kwancewarsa ta fi liƙinsa kyau. In ya yi dariya, sai ka faɗa masa a taƙaice cewa abin da ya faru a filin nan ya yi maka ciwo. Sau ɗaya ya isa. Sannan ka yi shiru ka ba shi dama, wataƙila shi ma akwai abin da ya daɗe yana taunawa.

Ka gode wa 'yarka, ka ce za ka zo mata ziyara bayan tsere. In ka tafi yanzu, yaron zai ɗauka cewa ya kori ubansa daga gida, da wannan nauyin kuma zai zauna a kujerar gasa. Ya ce akwai wuri a mota, to ka shiga. Dokarsu idon mai duba take buƙata, ban ji ka ce ta hana uba ya matso kafin a tashi jirage ba. Ka je ka dafa kafaɗar nan ta dama har ka ji ta saki, sannan ka koma inuwa ka zauna da girmanka.

Allah ya jiƙan uwargidanka, ya ba ka lafiyar ido, ya ba Auta sa'a, ya kuma dawo muku da hira a bakin teburin nan.