Na Lotsa Tambari, An Fasa Wa Mai Sa Ido

Assalamu alaikum admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma mai niyyar zagina ya bari ya kai ƙarshe, ni ma ban raga wa kaina ba.

Ina da shagon kwamfuta a Illela, kusa da kara. Kwanakin baya aka kore wa wani Alhaji, babban dillali, shanu a daji. Ya zo a yi cigiya da tambarin da gidansu ke ƙona wa dabbobi a cinya, zanen da marigayi babansa ya taɓa turowa daga Konni ta fakis, tsohuwar na'urar nan ta aika takarda ta layin tarho. Takardar ta koɗe tuni, sai hoton sikanin a filashi, irin tsohon nan da waya ba ta buɗewa. Ya ce in mayar da shi WebP, irin hoton da waya ke buɗewa, a ɗora a shafin dillalai. Duk mai sana'armu ya san hoton fakis yakan lotse idan aka juya shi ba a gyara tsayinsa ba. Na sani sarai. Amma Alhaji ya tsaya min a ka yana ta "Maza mana, mi kaka jira?" ni kuwa na tsani a tsaya min a ka. Na danna na tura, ko kallo ban yi ba. Zoben da ke zanen ya fito kamar ƙwai a kwance.

Ranar kasuwa sai ihu ya tashi, wai an kama ɓarawo. Wani manomi ne ɗan Kalmalo, da sa mai tambari kamar ƙwai. Ko da na isa an kayar da shi, sanduna na sauka ta ko'ina, jini ya rufe masa fuska, amma ya ƙi sakin igiyar san. Yana cewa, "Wallahi sa na na! Ubana yab bar min shi!" Wani yaron Alhaji ya tura masa waya a hanci: "To wanga hwa? Hoto shina ƙarya?" Sai na ji kamar aikina ake ƙaryatawa. Wa ya aike ni? Na kutsa na narka masa naushi a baki, har haƙorinsa ya tsaga min hannu.

Da na koma shago na buɗe ainihin hoton yadda ya kamata. Tambarin Alhaji zobe ne zagayayye kamar faifai. Na mutumin nan daban ne, ni na haɗa su.

Yanzu yana asibiti, hannu a karye, ido ɗaya ya tafi. San yana ɗaure a gidan Alhaji, kuma an ce ana sallamarsa za a miƙa shi ga hukuma. Hoton da na gyara yana wayata, na kasa turawa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Na ga yadda sandunan nan suke sauka, su ne za su juyo kaina, shagon ma ba za su bari ba.

Ɗazu ƙanin manomin ya shigo shagona, bai san ni ba. Ya ce, "Malam, an ce kai kas san na'ura. Taimaka ka duba muna hoton ga, ko akwai kure." Sai ya ga bandejina ya ce, "Subhanallahi, sannu! Mi yas same ka ga hannu?"

Na ce masa babu wuta, ya dawo gobe. Kuma zai dawo. Jama'a, me zan yi?