Kifayen Nikano a Kwamin Wanki

Asabar, 20 ga Mayu

Dutse mai aman wuta da muke kira Don Goyo ya tashi da tari yau. Dutsen nan dai, shekara da shekaru hayaƙi kawai yake, yau sai toka. Ta rufe rufin ɗaki, ta rufe masara, har a haƙorina ina jin ta. Na ja leda na rufe tafkin iyayen kifi. Su ne kawai mijina Nikano ya bar mini da ya rasu, su ke ba ni ƙwai duk shekara. In suka tafi, sana'a ta tafi.

Lahadi, 21 ga Mayu

Leda ba ta yi komai ba. Ta magudana tokar ke shigowa. Mutanen saman tudu duk sun wanke tsakar gidajensu da ruwa, duk da an ce a share kawai, komai ya gangaro mini. Ruwa ya koma kamar kunu. Kifi sun taso sama suna haki. Biyu sun mutu. Na buɗe kuncin ɗaya, inda take numfashi ya cushe da toka, har da jini. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Na rantse Eufrosina ce ta fara wankin nan. Yayar Nikano. Shekara uku ba ma gaisawa, tun rigimar bishiyar fiya ta kan iyaka.

Litinin, 22 ga Mayu

Sai ga Eufrosina da safe, hanci ɗaure da ƙyalle, da bokitai biyu. Ko sallama babu.

"Ke, matar Nikano, tsayawa za ki yi kina kallonsu har su ƙare?"

Na ce ai aikinku ne. Ta ce, "Ni da tsintsiya na share nawa, je ki duba buhunan tokar da na tara. Ɗauki bokiti, bakin nan naki ba ya ɗaukar kifi."

Ashe kwamin wankinta daga idon ruwa bututu ke kawo masa, toka ba ta taɓa shi, ga rumfa a sama. Tun jiya take dirzar shi da yashi don kada sauran sabulu ya kashe su. Hannunta duk ya saɓule. Sawu goma sha ɗaya muka yi a hawan nan, muna kai kifayen cikin kwamin. Gwiwoyina!

Talata, 23 ga Mayu

Ɗaya ta ƙara mutuwa. Sauran sun kwanta a ƙasa, shiru. Ban ba su abinci ba.

Alhamis, 25 ga Mayu

Sun ci! Na watsa abinci kaɗan, babbar nan mai tabo a baya ta fara kawo cafka, har ta jiƙa wa Eufrosina riga. Ta ce, "Mara kunya, halin mai ita." Na zauna a ƙasa ina dariya. Rabona da numfashi mai daɗi haka tun Asabar.

Kayan wankinta sun taru a kwando, tunda kifi na cikin kwaminta. Na kwaso su na wanke a gidana. Ba don komai ba.

Talata, 30 ga Mayu

Ruwan sama ya wanke magudana tun Asabar da ta wuce. Na kwashe laka, tafki ya washe, ana ganin ƙasansa. Da safe Eufrosina ta tambaya, tana zuba mini kofi a gidanta, "Yaushe za ki kwashe 'ya'yanki?"

Na ce, "Yaya, ruwan bai gama kwantawa ba."

Ta kalle ni. Daga ƙofarta ana hango tafkina sarai. Ta ce, "Haka ne, bai kwanta ba," ta ƙara mini sukari.