Ranar da Warin Albasa Ya Daina Damunki

Zuwa ga Shamsiyyata, sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Sakkwato, ruwan randata mai kashe ƙishi, uwar ɗana da yardar Mai Sama,

Sallama da ƙauna wadda takarda ba za ta iya ɗauka ba. Ina rubuto miki daga rumfata a kasuwa, buhunan albasa sun kewaye ni. Kin san halina a gidan Inna a Minanata, inda kika je hutawa: da na tsugunna gaisuwa kunyar surukai ke ɗaure mini harshe, in yi ta tambayar gajiya da zafi har in tashi ban faɗa miki komai ba. Shi ya sa za ki tarar da wannan a naɗe cikin ledar dabino.

Kin tuna watanni biyun da laulayi ya sa kika mai da ni abin gudu? Tun daga bakin ƙofa kike jiyo ni, ki toshe hanci da gefen mayafi, ki nuna mini hanyar banɗaki da yatsa. Dole na koma biyawa gidan yayana Junaidu a Ƙofar Rini, in yi wanka, in sauya riga, sannan in kama hanyar gidanmu a Arkilla. Matar mai albasa, amma albasa ba ta shiga tukunyarta! Na yi ta mita, na sani. Amma wallahi daɗi nake ji a raina, don duk lokacin da kika ruga da hannu a baki, na san baƙonmu yana nan.

Sai ranar Litinin na makara, na wuto gida kai tsaye da rigar kasuwa. Kika karɓi kayan hannuna ba ki ko yamutsa fuska ba. Kika ci tuwo har da ƙari. Ni kuwa, sarkin wauta, na ɗaga hannu ina hamdala, ina ce miki kin warke. Wayyo masoyiyata, wane irin makaho ne ni? Yaya aka yi ban ga yadda cokali ya tsaya a hannunki ba? Bara ma ai haka ta faro: tashin zuciya ya ɗauke, kasala ta tafi, bayan kwana huɗu sai jini, cikinmu na fari ya zube. Na san wannan sarai, ni na kai ki asibiti. Amma murna ta rufe mini ido, na bar ki ke kaɗai da tsoronki.

Ranar Laraba da hantsi na dawo ɗaukar wayata da na manta, na same ki zaune a bakin gado kin cusa fuska cikin rigar kasuwata, wadda ko kusa da ita ba kya zuwa a da. Kin san abin da na zata? Na zata kewata ce ta kama ki! Na tsaya a ƙofa ina murmushi, ƙirji a buɗe, ina jin babu namiji kamata a duk Arkilla. Sai kika ɗago, na ga idanunki sun kumbura. Ashe kwana uku ke nan kina shaƙar rigar nan a ɓoye, kina roƙon Allah ya tayar miki da zuciya, ya dawo miki da aman da kowace mace ke gudu. Ba ki faɗa wa Inna ba, don kunya ba ta bari a ambaci ciki tun bai fito ba. Ba ki faɗa mini ba, don kin ga ina farin ciki. Ban taɓa jin kunyar kaina kamar ta wannan safiya ba.

Hanyar asibiti ba ta taɓa yi mini tsawo haka ba. Kina riƙe da gefen Keke Napep, ina riƙe da ke. Da Malama Wasila, ma'aikaciyar awo, ta ɗora na'urar hoto a kan mararki, sai na runtse ido kamar ƙaramin yaro. Sai ga sautin nan! Da sauri, da ƙarfi, kamar luguden mata a turmi ranar biki. Zuciyar ɗanmu ce, Shamsiyya, tana bugawa ba ruwanta da tashin hankalinmu! Malama ta ce sati goma sha biyu ne, kuma mata da yawa laulayinsu kan sauka a daidai wannan lokaci, sai dai in kin ga jini ko kin ji ciwon mara mu garzayo. Kika yi dariya, kika yi kuka, ni kuma na rasa inda zan sa kaina, har na yi wa matar godiya sau biyar.

Yanzu ga roƙona, ya tauraruwata. Ki ci, ki sha, ki yi barci, ki bar jikinki ya huta. Sauƙin nan kyauta ce, ki karɓe ta. In tsoro ya sake zuwa, kuma na san zai leƙo, kada ki jira in gane da kaina, kin dai ga iyakar wayona. Ki kira ni ko ina tsakiyar ciniki, zan bar komai in taho. Akwai sauran wata shida a gabanmu, ban san abin da ke cikinsu ba, Allah kaɗai ya sani. Ina fatan ranar da zan yi masa huɗuba a kunne fiye da yadda manomi ke fatan ruwan farko. Amma ki riƙe wannan da kyau: ba don shi na so ki ba. Bara mun dawo gida hannu wofi, kuma ban taɓa son ki kamar a ranar ba.

Naki ne ni, a murna da a firgici, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Gazali