An Sayar da Filin Garejina

Yaya Ɗanlami,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Hajiya? Allah ƙara sauƙi.

Gwamnati ta sayar da filinta da garejina yake kai, za ta gina gidaje masu araha a Inkil da kuɗin. Har ɗakunanmu na baya za a rushe ƙarshen wata. Mai unguwa da kansa ya zo ya ce, "Bala, kawo sunanka a rajistar gidajen, ku ne a gaba." Na ce ni da na fara da sifana ɗaya ba na bin layin talakawa. Yanzu an rufe rajista.

Ku sa mu a addu'a, a gaida kowa. Amma kada zancen ya kai kunnen matata. Har labule ta ɗinka, tana jiran a kira sunanmu.

Ƙaninka,
Bala