Inci Huɗu a Rufin Mota

Bakersfield, California
Fabrairu, 1997

Zuwa ga Kawu Wendell,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Inna Opal. Yaya sanyin Oregon? Na san in na buga waya "me kika ce?" kawai zan yi ta sha, tunda injuna sun cinye maka kunne tun kana saurayi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kawu, na yi abin da na daɗe ina cika baki a kansa. Na sayi mota. To, ba ta zama mota ba tukuna, gangar jikin Ford ce ƙirar 1931, mai ƙofa biyu da rufi. A wata gona kusa da Shafter na same ta, kaji sun mai da ita gida. Mai gonar ya ƙare mini kallo ya ce, "Mijinki ne ya aiko ki?" Na ce, "Ba ni da miji, amma ina da injin walda." Sai ya karɓi kuɗinsa.

Na gaji da tuƙa motar 'yan makaranta da ba ta wuce gudun keke. Yarana sun girma sun bar gida, na koyi walda a ajin yamma, yanzu hotrod, wato tsohuwar motar da aka gyara don tsere, zan gina da hannuna, irin taku ta da.

Ga matsalar. Duk kasuwar tsofaffin kayan mota da na shiga sai na kwaso wani abu. Garejina ya cika: sitiyari uku, fitilu iri-iri, rim masu ƙyalli. Maƙwabcina Beto, mai gyaran famfo, ya dage in sa injin Chevrolet na zamani in fesa jan fenti mai walƙiya. Kowane abu shi kaɗai kyakkyawa ne, amma in na jera su sai su zama kamar mutum ya sa kwat da gajeren wando.

Ta ina zan fara? Ban yi alkawarin bin maganarka ba, amma zan saurara.

Ka gaida Inna.
'Yarka,
Noreen

Klamath Falls, Oregon
Maris, 1997

Noreen,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Saƙonki ya iso.

Uwarki ma haka take, sai ta gama aikata abu sannan ta nemi shawarar yayanta.

Ki zaɓi shekara guda ki tsaya a kanta. Duk abin da ba a ƙera shi ba kafin wannan shekarar, kada ya taɓa motar. Mota ba tukunyar miya ba ce da za ki yi ta zuba duk abin da hannunki ya kai. Na zaɓar miki 1948.

Inji: tsohon Ford mai silinda takwas. Ki ce wa mai famfon ya koma kan famfonsa. Madigadi: ki cire duka huɗun, tayoyi su fito fili. Fenti: baƙi. Rufi: ki sare inci huɗu daga tsayinsa, ya sauko. Sannan ki yanke daɓen motar ki saukar da bodin ya haɗiye shasi, ta kwanta ƙasa sosai. Haka tawa take lokacin da muke tsere a busasshen tafkin El Mirage. A duƙe nake tuƙa ta, gwiwoyina a haɓa, kuma ban taɓa jin daɗin wata kujera kamar wannan ba.

Na aiko miki da kafireta biyu ta gidan waya. Su kaɗai suka rage mini daga waccan motar. Kada ki bari mai famfon ya taɓa su.

Allah ya taimaka.
Kawunki,
W. Tackett

Bakersfield
Afrilu, 1997

Kawuna na kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Kafiretocin sun iso, na buɗe kwalin kamar mai buɗe kayan gado.

Ka yi gaskiya a kan shekara. Da na tsaya a 1948 sai kaina ya washe. Na fitar da rabin tarkacen na rabar, rim masu ƙyallin kuwa Beto ya kwashe yana cewa, "Ke da tsohon naki za ku gina akwatin gawa mai taya." Na samo injin a Fresno, baƙin fenti ma na yarda.

Rufin ne ya tsaya mini a rai, don abin da aka sare ba ya komawa. Na ja layi da alli inda zarto zai bi, na ɗora akwatin katako a ciki daidai inda daɓen zai dawo, na rataya kwali daidai inda rufin zai sauko, na shiga na zauna. Kawu, ni da ban kai kafaɗarka ba, kaina na gugar kwali, sitiyari na tokare mini ciki. Sai da Beto ya jawo ni waje kamar buhu. Amma da na koma bakin titi na hango ta, wallahi ta yi kyau, kamar kyanwa ta laɓe za ta yi tsalle. Don haka zan sare. Na sayi zarton.

Ga sharaɗina. Ina sa ran gamawa a Oktoba. Ka zo mu kai ta El Mirage, kai za ka fara tuƙa ta kafin ni.

Af, a bayan doki ka rubuto wasiƙar nan? Layukan suna ta hawa kan juna.

'Yarka mai taurin kai,
Noreen

Klamath Falls
Afrilu, 1997

Noreen ɗiyata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan yaran suna waiwayarki. Innarki Opal ce. Kada ki tsorata da ganin rubutuna, babu wanda ya mutu.

Akwai abin da kawunki ba zai taɓa faɗa miki ba, ni kuma na gaji da rufa masa. Idanunsa sun tafi, Noreen. Tsakiyar ganinsa ce ta mutu, gefe-gefe kawai yake gani. In yana son ya ga fuskata sai ya kalli kunnena. Tun bara ya miƙa lasisinsa, ni ke kai shi ko'ina, yana zaune a gefe yana koya mini tuƙin da na iya tun kafin a haife ki. Ga kuma ƙugun da aka yi masa aiki, ba ya lanƙwasuwa. Ko motata sai na ja kujera baya can sannan yake shiga.

Da gilashin ƙara girma ya karanta wasiƙarki. Da ya zo inda kika ce shi zai fara tuƙawa, sai ya ninke takardar ya fita rumfar kayan aikinsa, bai dawo ba sai da abinci ya huce. Na ce, "Wendell, me yarinyar ta ce?" Ya ce, "Ta ce za ta sare." Shi ke nan.

Zai kawo miki uzuri a Oktoba, ko mura ko rufin gida na yoyo. Gaskiyar ita ce motar da ya zana miki, shi kansa ba zai iya shiga cikinta ba, kuma ya sani. Ban ce ki canza komai ba, motarki ce. In kina so ki gaya masa ni na faɗa, ban taɓa jin tsoronsa ba.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki,
Opal

Bakersfield
Mayu, 1997

Kawu Wendell,

Ina gaisuwa. Zan tafi kai tsaye, kamar yadda kake yi.

Inna ta rubuto mini. Na san zancen idanu, na san zancen ƙugu. Kada ka yi mata faɗa, in faɗa ne ga ni nan.

Na yanke shawara, kuma ba neman izini nake yi ba. Ba zan sare rufin ba, ko inci ɗaya. Ba zan yanke daɓen ba. Bodin zai zauna a saman shasi yadda yake, ƙofa ta buɗe sosai, kujera ta samu wuri. Sauran duk naka ne: shekarar, injin, baƙin fenti, tayoyi a fili. Zan sa manyan tayoyi a baya da ƙanana a gaba, ta sunkuyar da hanci. Na gwada da katako a ƙarƙashinta, tana da kwarjininta. Kai ma ka san a 1948 ba kowa ne ya sare rufi ba, akwai waɗanda suka yi gudu a tsaye ƙyam.

Na tsaya da zarto a hannu na tambayi kaina, wa nake gina wa motar nan? Masu kallo daga bakin titi? Kujera biyu gare ta, Kawu. Ban ga amfanin motar da mutumin da ya sa mini son mota ba zai iya zama a cikinta ba.

Na goge layin allin.

'Yarka,
Noreen

Klamath Falls
Yuni, 1997

Noreen,

Bayan gaisuwa.

Ban roƙi tausayin kowa ba. Kin ɗauki mota mai kyau kin mai da ita dogon ɗakin buga waya na bakin titi saboda wani tsoho. Ba a gina hotrod don jin daɗin fasinja.

Ki dawo mini da kafiretocina. Oktoba ina da aiki.

W. Tackett

Bakersfield
Satumba, 1997

Kawu,

Gaisuwa da fatan fushin ya ɗan sauka. Na bar ka ka huta duk tsawon zafin nan, ni kuma ina gareji ina gasuwa.

Ta tashi! Ranar Asabar na murɗa makulli, ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta yi wani ruri da ya sa karnukan unguwa duka suka amsa. Beto ya fito da cokali a hannu yana ihu, "Akwatin gawar ya farka!" Ya zagaye ta ya zagaye, can ya ce, "To, ba ja ba ce, amma ba zan ji kunyar a gan ni kusa da ita ba."

Kafiretocinka suna kanta, kuma ba zan dawo da su ba. In kana so ka zo ka kwance abinka. Sai dai sun ƙi jituwa da juna, in na daidaita ɗaya sai ɗayar ta ɓata rai. In na taka totur sai ta shaƙe kafin ta ɗauka. Zan iya kai ta wurin wani makanike a gari, ya sa hannunsa a kayanka. Kai za ka zaɓa.

Jirgin ƙasa yana tsayawa a garinku, yana kuma tsayawa a namu.

Taka har kullum,
Noreen

Bakersfield
Oktoba, 1997

Inna Opal,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na san ba zai ba ki labarin yadda ya kamata ba, don haka ga shi daga bakina.

Na gode da kika sa shi a jirgi. Da ya sauko ko gaisuwar kirki bai yi ba, sai "Ina take?" A gareji bai kalle ta ba, shafa ta ya yi, tun daga lagireto har baya. Da hannunsa ya kai rufin ya tsaya, ya yi tsaki, ya wuce. Ya ce in tayar. Ya ɗora tafin hannunsa a kan injin yana ba ni umarnin daidaita kafiretocin: "Ta gaban, juya kaɗan. Kaɗan na ce, ke! Tsaya nan." Sai tarin ya ɗauke, muryarta ta zama ɗaya.

Washegari muka ja ta zuwa El Mirage. Ba ranar tsere ba ce, babu kowa sai iska. Na buɗe masa ƙofa, ya juya baya ya zauna, ya ɗaga ƙafar nan tasa ya shigar, ba tare da na taɓa shi ba. Na rufe ƙofar.

Na tuƙa mu zuwa tsakiyar tafkin na tsaya, na fito na zagayo ta gefensa. Ya ce, "Lafiya?" Na ɗaga murya na ce, "Matsa can." Ya ce, "Ba ni da lasisi." Na ce, "Wa zai tambaye ka a nan, ƙadangare?" Ya ce, "Yarinya, ba na gani." Na ce, "Babu abin gani, Kawu. Fili ne fetal har gindin duwatsu. In za ka karkace zan taɓa kafaɗarka."

Inna, ya daɗe riƙe da sitiyarin nan. Sannan ya sa giya. Da farko a hankali, kamar mai tafiya coci. Da ya shiga ta biyu sai na ga ya gyara zama. A ta uku ya taka ta sosai, ƙura ta miƙe a bayanmu, motar tana rawa, ni ina ihu, shi yana dariya da baki buɗe. Ban taɓa ganin duk haƙoran Kawu ba sai ran nan. Sau ɗaya kawai na taɓa kafaɗarsa, ya ce, "Cire hannunki, na sani!"

Da muka tsaya ya zauna yana goge fuska, wai ƙura ce. Na bar shi a kan ƙura ce.

Zan sa shi a jirgin Laraba. Ki tanadi kunnuwa.

'Yarki,
Noreen

Klamath Falls
Nuwamba, 1997

Noreen,

Bayan gaisuwa. Opal ke rubutawa, ni ke faɗa, don haka duk wata kalma mai daɗi da kika gani tata ce.

Na iso lafiya. Birkin baya yana ja hagu, ki duba.

Rufin nan ya yi tsawo. Na faɗa tun farko, kuma har gobe ina nan a kan bakana.

Kada ki taɓa shi. Zan dawo a Mayu.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki,
Wendell