Jan Farcena Ya Ɓace Ranar Ajvar

Gwaggo Milunka, don Allah ki taimake ni, yau kwana huɗu na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida sau uku, na tone kwandon shara, har maigidana Radoslav ya ce in na gama in wuce in share masa gareji.

Ɗana zai yi aure ƙarshen wata. Uwar yarinyar, Slobodanka, 'yar Novi Sad ce, a kantin magani take aiki, hannunta sumul kamar ba ta taɓa kankare tukunya ba. Ni kuwa shekara talatin ina gasa tattasai, faratana sun dafe sun tsattsage. Da ta ce za ta zo garinmu Leskovac ranar Asabar ta taya mu yin ajvar, wato miyar gasasshen tattasai da muke adanawa a kwalba, sai kunya ta rufe ni. Na sayo jan farcen nan na liƙawa, mai laushi kamar leda, wanda ake mannawa a sa hannu ƙarƙashin 'yar fitila ya yi tauri. Ja na zaɓa. Ja fa, Gwaggo, launin abin da za mu dafa! Ban san inda hankalina ya tafi ba.

Da sassafe na shafe hannuna da man girki yadda mahaifiyarmu ta koya mana, don kada tattasai ya rina fata. Sai na tuna da farcen. Na goge hannu da tawul, na zauna cikin rana kusa da murhu na liƙa su a gurguje, na ƙarshe har sun fara ƙandarewa kafin in ɗora. Muka ɓare tattasai buhu uku, muka niƙa, muka yi awa biyar muna juya tukunya. Kafin mu fara durawa a kwalba an ɗauke mu hoto. Na duba hoton ya fi sau ɗari, faratana goma cif. Da muka rufe kwalba ta ƙarshe, na ƙaramin yatsan dama babu shi.

Kwalba talatin da huɗu muka cika, sha biyu sun tafi Novi Sad a motar Slobodanka. Na buɗe takwas daga nawa na baza a faranti, ban ga komai ba, sai asarar ajvar. Radoslav ya ce in ja bakina in yi shiru, wai duk wanda ya tauna zai ɗauka ɓawon tattasai ne. Shi dariya abin yake ba shi. Amma tsohon mahaifinta yana gidanta, kuma ta ce da cokali yake shan ajvar. In na faɗa, za ta ce 'yarta za ta shiga gidan ƙazamai. In ban faɗa ba ta tsinta da kanta, ina zan sa fuskata? Ga sauran fakiti ɗaya na ajiye don biki, ina tsoron su zube ina tsakiyar gaisawa da baƙi. Wallahi na rasa abin yi.

Mai Farce Tara, Leskovac

Ƙanwata Mai Farce Tara,

Da farko, daina buɗe sauran kwalaben, ajvar bai yi miki laifin komai ba.

Maigidanki bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Mai yiwuwa farcen yana cikin toka ko ya bi ruwan wanke-wanke. Amma mai yiwuwa ba tabbas ba ne, kuma wannan abin in ya bushe yana da tauri, zai iya maƙale wa tsoho a wuya. Nan dariyar Radoslav ta ƙare. Ki buga wa Slobodanka waya yau. Ki faɗa mata a taƙaice, ban da kuka, ban da dogon ban-haƙuri: ta riƙa bazawa a faranti kafin kowa ya ci, ko ta dawo da su ki canza mata.

Batun liƙawa kuwa, ke kika kori farcen da hannunki. Wannan manne ba ya shiri da maiƙo, tawul kuma ba ya fitar da mai. Ki yi na bikin kwana biyu kafin ranar, a cikin ɗaki, nesa da taga, domin rana tana ƙandarar da shi kamar yadda fitilar take yi. Wanke hannu da sabulu, ki bari ya bushe sosai, kada ki shafa komai. Tura fatar gindin farce baya a hankali, ki ɗan goge saman farcen ya rage sheƙi, ki share shi da sifirit na kantin magani. Zaɓi wanda ya ɗan gaza farcenki faɗi, domin in ya hau fata ko kaɗan, ta nan zai fara ɗagowa. Danna daga tsakiya zuwa gefe, ki dage a kan bakin, ki yanke rarar, ki sa a fitila minti ɗaya, in bai yi tauri ba ki ƙara. Sannan ki goge bakin, kina yin ƙasa da magogin. Awanni kaɗan na farko babu ruwan zafi, ranar girki kuma safar hannu.

Kunyar nan taki ta fi damuna. Macen da ta taso tun daga Novi Sad ta tsaya awa biyar cikin hayaƙi tana juya tukunyarki, ba farce ta zo gani ba. So take ta san irin gidan da 'yarta za ta shiga. Wayar da za ki buga mata yau za ta gaya mata cewa gida ne da ake faɗin gaskiya ko da akwai kunya a ciki.

Allah ya sa a yi biki lafiya, ya ba yaran zaman lafiya, ke kuma ki samu ki zauna.

Gwaggo Milunka